Awar Farko da Wanda Ake Zargin Ya Samu Shanyewar Ɓarin Jiki: Yadda Ake Duba Shi

Akasarin masu shanyewar ɓarin jiki ba a hannun ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa suke fara faɗawa ba. Likitan da ya kwana a sashen gaggawa ne ke fara ganinsu, ko ma'aikaciyar jinya, ko jami'in lafiya a asibitin unguwa, a Jos da kewayenta, daga Gangare da Anguwar Rogo har Bukuru da Barikin Ladi da Mangu. Wannan bayani nasu ne.

Cutar iri biyu ce. Ko dai jijiyar jini ta toshe, wani yanki na ƙwaƙwalwa ya rasa jini, ko kuma ta fashe jini ya zuba a ciki. A ido alamominsu kusan ɗaya ne, amma maganin da ke taimakon mai toshewa yana iya kashe mai fashewa. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, aka wallafa a 2018, ya samu kusan kashi 68 cikin 100 toshewa ce, kashi 32 fashewa, kuma hawan jini ne babban sanadi. Wato cikin kowane mutum 3 da za a shimfiɗe a gabanka, 1 jini ne ke zuba a kansa. Don haka aikinka a awar farko shi ne amsa tambayoyi uku: shin shanyewar ce ko wani abu mai kama da ita, tun yaushe ta fara, kuma wace iri ce. Biyun farko baki da hannu da ƙaramar na'ura za su amsa maka su. Ta ukun sai hoton ƙwaƙwalwa.

Numfashi, sannan suga

Kafin kowace tambaya, ka saurari numfashinsa. Idan yana minshari ko yawu na gurgura a maƙogwaro, a juya shi kwanciyar gefe, a zuƙe abin da ya taru, a cire haƙoran roba in akwai. Ba kowa ake sa wa oksijin ba, sai wanda awonsa ya sauka ƙasa da kashi 94. A auna jini a hannu biyu, a ji bugun zuciya na cikakken minti guda don a san ko yana tsalle-tsalle, a auna zafin jiki.

Sai a huda yatsa a duba suga, kafin a nemi kati, kafin a yi maganar kuɗi. Faɗuwar suga tana karkatar da baki, ta kashe hannu da ƙafa ɓangare guda, ta sarƙe harshe, babu abin da ya raba ta da shanyewa ta gaskiya sai wannan awon. Idan ya sauka ƙasa da 3.3 mmol/L, wato 60 mg/dL, a sa masa ruwan suga mai kashi 10, mililita 150 zuwa 200 ta jijiya, a sake aunawa bayan minti 15. Wanda ya fi shiga wannan hali shi ne dattijon da ke shan maganin suga na glibenclamide ko yake allurar insulin, ya sha magani bai ci abinci ba, ko ya ɗauki azumi, ko ƙodarsa ta fara rauni. Mai shan glibenclamide ba a sallamarsa don ya farfaɗo ya yi magana. Maganin yana daɗewa a jiki, sugan zai sake faɗuwa cikin dare, don haka a kwantar da shi a ci gaba da aunawa. In mashayin giya ne, a haɗa masa da thiamine, wato bitamin B1, miligiram 100. Idan kuwa babu na'urar awo ko takardarta ta ƙare, kuma dangi sun tabbatar yana shan maganin suga, ba shi ruwan sugan ya fi barinsa.

Lokacin da aka gan shi lafiya

Nan ne aka fi yin tuntuɓe. Idan ka ce "Yaushe abin ya same shi?" za a ce maka "Da safen nan." Wannan lokacin da aka tarar da shi ne, ba lokacin da abin ya fara ba. Abin da kake nema shi ne lokaci na ƙarshe da wani ya gan shi garau da idonsa, ko ya ji muryarsa daidai.

Mutanenmu ba su cika duba agogo ba, amma sun san sallah. "Hajiya, ya je isha'i da ƙafarsa? Da ya dawo kun yi hira? Ya tashi cikin dare ya kewaya? Da asuba shi ya ɗauki buta da kansa?" A gidan Kirista ka tambayi addu'ar safe ko sujada. Wayarsa ma shaida ce: a duba kira na ƙarshe da ya amsa, a kira wancan mutumin a ji ko maganarsa ta fita daidai. Wanda ya kwanta lafiya ƙarfe 10 na dare, aka same shi a shanye ƙarfe 5 na asuba, lokacinsa ƙarfe 10 ne, sai in an gan shi a tsakani. Ka rubuta lokacin da lambobi a saman kati.

Dalilin wannan naci shi ne, allurar narkar da gudan jini, alteplase ko tenecteplase, cikin awa 4 da rabi ake yin ta, aikin zaro gudan jini ta cikin jijiya kuma cikin awa 6, wani lokaci har 24 ga waɗanda hoto ya nuna sun dace. Ba kowane asibiti ke da su ba, kuma suna da tsada. Duk da haka lokacin yana da amfani ko ba za a yi allurar ba, domin da shi ake fassara hoton CT, wato hoton cikin kai da na'ura ke ɗauka.

Sauran tambayoyin gajeru ne. Farat ɗaya abin ya zo, ko a hankali cikin kwanaki da makonni? Shanyewa farat ɗaya take zuwa. Raunin da ya yi mako 3 yana ƙaruwa ya fi kama da ƙari, ko maruru a ƙwaƙwalwa, ko jinin da ya kwanta a ƙarƙashin ƙoƙon kai. Ya yi jijjiga? Ya yi ciwon kai mai tsanani ko amai? Ya faɗi ko ya yi haɗarin babur a watannin baya, ko da ƙarami ne? Yana shan warfarin ko wani maganin tsinka jini? Ya daina shan maganin hawan jini? Ka ce a kawo ledar magungunansa gaba ɗaya. Kuma ka tambaya cikin ladabi me aka ba shi a gida, ruwan rubutu ne, zuma ce, kunu ne, ko an kira wanzami ya yi ƙaho. Ba don faɗa ba, don ka san ko wani abu ya riga ya bi ta huhu.

Duba jiki a gefen gado

Ka tsaya a ƙafar gado ka kalle shi tukuna. Ina kansa da idanunsa suka juya? A babbar shanyewa ta ɓarin ƙwaƙwalwa, idanu suna kallon gefen da ciwon yake, suna guje wa hannun da ya mutu. Idan suna kallon gefen da ya yi rauni, ka yi tunanin farfaɗiya ko ciwo a gindin ƙwaƙwalwa.

Fuska. "Baba, nuna min haƙoranka. Rufe ido da ƙarfi. Ɗaga gira." A shanyewa, ƙasan fuska ne ke karkacewa, goshi yana tattarewa ɓangare biyu. Idan goshi ma ya mutu, ido ya ƙi rufuwa, hannu da ƙafa da magana kuma lafiya lau, to galibi jijiyar fuska ce kaɗai ta kumbura, wadda ake danganta ta da sanyi ko iska. Amma in akwai gani biyu-biyu ko rauni a ɗaya ɓangaren jiki, kada ka sake da shi, gindin ƙwaƙwalwa ne.

Hannu. Ya miƙa su biyu, tafi yana kallon sama, ido a rufe, ka ƙirga daƙiƙa 10. Mai rauni kaɗan hannunsa ba ya faɗuwa, tafin ne ke juyawa ciki ya ɗan sauko. Wannan ya fi matse yatsu fallasa ƙaramin rauni. Ƙafa kuma ɗaya bayan ɗaya, yana kwance, ya ɗaga ya riƙe daƙiƙa 5.

Magana tana da matsala iri biyu, kuma raba su yana nuna inda ciwon yake. Akwai wanda kalmominsa daidai ne amma harshe ya yi nauyi. Akwai kuma wanda kalmar ce ta ɓace masa, ko yana zuba zance marar kai, ko bai fahimtar abin da ake faɗa. Na biyun yawanci ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne, kuma shi ne ake yawan cewa ya rikice ko iska ta taɓa shi. Ka nuna masa biro da makulli ya faɗi sunansu, ka ce ya rufe ido ya buɗe ba tare da ka gwada masa ba, ya maimaita gajeriyar jimla. A Jos wannan gwaji yana bukatar kula. Tsohuwar da harshenta Birom ne ko Ngas ko Tarok ko Fulatanci, Hausarta kuma ta kasuwa ce, tana iya yin shiru don ba ta gane ka ba. Ka sa ɗanta ya yi mata tambayoyin da harshen gida, sannan ka tambaye shi ko kalmominta suna kan hanya.

Gani. Ka tsaya gabansa, ya kalli hancinka, ka motsa yatsu a dama da hagu. Sannan ka motsa duka biyu lokaci guda, ka kuma taɓa hannayensa biyu tare. Wanda ciwon ya kama ɓarin dama na ƙwaƙwalwarsa yakan manta da hagunsa ɗungurungum, har ya rantse lafiyarsa lau. A duba ƙwayar ido da tocila: idan ɗaya ta buɗe ta daina motsi, ƙwaƙwalwa na matsuwa, gaggawa ce ta ƙarshe.

A rubuta matakin hankalinsa da ma'aunin Glasgow, 3 zuwa 15, da kuma NIHSS, ma'aunin tsananin shanyewa, mai maki 0 zuwa 42 in an iya. Amfaninsu shi ne wanda zai karɓi aiki da dare ya san ko ana gaba ko ana baya.

Shanyewar bayan ƙwaƙwalwa ita ce ke kuɓuce wa gwajin fuska da hannu da magana. Mutum ya zo da jiri da amai farat ɗaya, a ce maleriya ce ko taifot, a ɗaura ruwa a sallame shi. Duk mai hawan jini ko suga da ya zo da sabon jiri, ka tsayar da shi ka ga ko zai iya tafiya. In ba ya iya tsayuwa ko zama ba tare da an riƙe shi ba, ko yana gani biyu, ko murya ta dishe, ko haɗiya ta gagara, ko yatsansa na kauce wa hanci, ka ɗauke shi a matsayin mai shanyewa har sai an tabbatar ba ita ba ce.

Masu kama da ita

Bayan suga, sai farfaɗiya. Wanda ya yi jijjiga yakan tashi da raunin ɓangare guda da ke warwarewa cikin awanni, amma shanyewa ma tana iya farawa da jijjiga, don haka har yanzu sai an yi hoto. Zazzaɓi tun daga farko ba ɗabi'ar shanyewa ba ce. In ya zo da zafin jiki, ka lanƙwasa wuya ka nemi sanƙarau, ka yi gwajin maleriya, ka saurari zuciya. Sai dai samun ƙwayar maleriya a jini ba ya wanke mutum daga shanyewa, ana iya samun duka biyun. Ga matashi ko mai rama, a yi gwajin ƙanjamau da izininsa ko na danginsa, domin ƙwayar cutar toxoplasma da tibi na ƙwaƙwalwa suna kashe ɓarin jiki, kuma suna jin magani. Dattijon da ya bugu a ka makonnin baya, jinin da ya kwanta masa aiki ake yi a fitar, ya tashi da ƙafarsa.

Toshewa ce ko fashewa

Ciwon kai mai tsanani, amai, saurin fita hayyaci da jini mai hawa sosai sun fi zuwa da fashewa. Bugun zuciya mai tsalle, ko irin wannan rauni da ya taɓa zuwa ya wuce, sun fi zuwa da toshewa. Akwai lissafin Siriraj da aka fitar a Tailan don wuraren da babu hoto: matakin hankali (ba makin Glasgow ba) sau 2.5, amai sau 2, ciwon kai sau 2, awon jini na ƙasa sau 0.1, a cire alamar cutar jijiyoyi sau 3, a cire 12. Sama da 1 fashewa, ƙasa da -1 toshewa. Yana taimakawa wajen sanin wa za a fara turawa. Amma ƙaramar fashewa ba ta kawo amai ko suma, sai lissafin ya ce toshewa ce, kuma a nan haɗarinsa yake. A ganinmu bai isa a dogara da shi a ba da maganin tsinka jini ba.

Hoton CT ba tare da allurar rini ba shi ne alƙali. Sabon jini fari fat yake fitowa tun daga mintin farko. Toshewa kuwa takan ɓuya a awannin farko, sai daga baya wurin ya yi duhu. Saboda haka hoton da ya fito babu komai, ga mutum kuma a shanye, ma'anarsa babu jini, toshewa ce, ba wai lafiyarsa lau ba. A bayyana wa dangi wannan tun kafin su biya, don kada su ga kamar kuɗinsu ya tafi a banza. Kuma a yi da wuri: bayan mako guda ko biyu ƙaramin jini yana dusashewa har ya yi kama da toshewa. CT ba ya ganin bayan ƙwaƙwalwa da kyau, hoton MRI, wanda ake ɗauka da maganaɗisu, ya fi shi a nan.

Wanda ya ce kansa ya sara farat ɗaya kamar an buga masa guduma, ciwon da bai taɓa jin irinsa ba, wuya ya ƙage, ko da hannu da ƙafa lafiya, a zargi zubar jini a kewayen ƙwaƙwalwa. CT cikin awa 6 na farko kusan ba ya kuskure shi. In an makara kuma hoto bai nuna ba, a ɗebi ruwan baya bayan awa 12 da fara ciwon.

Tare da hoto a yi ECG, wato awon bugun zuciya da na'ura, a ɗebi jini don ƙidayar jini, aikin ƙoda da gishirin jiki, daskarewar jini musamman ga mai warfarin, sannan kitse da HbA1c, wato awon suga na watannin baya, daga baya. Kada jiran sakamakonsu ya tsayar da tafiya hoto.

Kafin sakamako ya fito

Babban kuskure shi ne rugawa a sauke jini. An ga 190 a kan 110, hankalin kowa ya tashi, a fasa ƙwayar nifedipine, maganin hawan jini, a ƙarƙashin harshe. A daina wannan. A toshewa, yankin da ke kewaye da wurin da ya mutu da wannan hawan yake samun ɗan jinin da ke riƙe da shi. Ka sauke shi da ƙarfi, rauni ya faɗaɗa. Ba a taɓa shi sai na sama ya wuce 220 ko na ƙasa ya wuce 120, ko zuciya ta gaza, ko akwai jijjigar masu ciki, kuma ko a nan kashi 15 cikin 100 kawai ake saukewa a awa 24 na farko. Wanda za a yi wa allurar narkarwa sai an kawo jininsa ƙasa da 185 a kan 110. Idan hoto ya nuna fashewa, lissafi ya sauya: ana neman na sama ya sauko wajen 140 a hankali, ba tare da ya yi ta hawa da sauka ba. Labetalol miligiram 10 zuwa 20 ta jijiya cikin minti 2 ya dace, in ba mai asma ba ne ko mai jinkirin bugun zuciya.

Aspirin miligiram 300 sai bayan hoto ya nuna babu jini. In an yi allurar narkarwa, a jira awa 24. Ruwan da za a ɗaura na gishiri ne mai kashi 0.9, ba ruwan suga mai kashi 5 ba, domin yana ƙara kumburin ƙwaƙwalwa. Dexamethasone ba ya amfanar mai shanyewa, sai ɗaga suga da jawo cuta. Mannitol, mai rage kumburin ƙwaƙwalwa, na wanda alamun matsuwar ƙwaƙwalwa suka bayyana ne, ba na kowa ba. Zazzaɓi a sauke shi da paracetamol a nemi sanadinsa, suga kuma a riƙe shi tsakanin 7.8 da 10 mmol/L.

Babu abin da zai shiga bakinsa, ko ƙwayar magani, sai an gwada haɗiya. Cutar huhu daga ƙwarewa tana cikin manyan abubuwan da ke kashe waɗannan majinyata bayan sun tsallake ranar farko. A zaunar da shi tsaf, yana farke. A ba shi ƙaramin cokali na ruwa, mililita 5, sau 3, bayan kowanne ya ce "aa". In ya yi tari, ko murya ta jiƙe, ko ruwa ya dalalo, ko numfashi ya sauya, a tsaya, a sa robar ciyarwa ta hanci. In ya wuce, a ba shi mililita 50 a kofi. Sannan ka kira babba a cikin dangi ka gaya masa a fili: "Alhaji, a yi masa addu'a a tofa, a shafa masa, amma don Allah kada a ɗura masa komai, ko ruwa ne, sai mun ce." In ba a faɗa haka ba, tausayi zai sa a ɗura masa kunu da zarar ka juya baya.

Mai jego, yaro, da wanda ya warware

Mace mai ciki ko mai jego da ta zo da ciwon kai, jijjiga da raunin ɓangare, a auna jini a duba fitsari saboda jijjigar masu ciki, a kuma tuna da daskarewar jini a jijiyoyin da ke kwashe jini daga ƙwaƙwalwa. Wannan hoton jijiyoyi na musamman yake bukata, kuma heparin, allurar tsinka jini, ne maganinsa. A duba zuciyarta ma. Raunin zuciya bayan haihuwa sananne ne a Arewa, kuma gudan jini na iya tasowa daga can.

Yaro mai sikila da ya daina amfani da hannu ko maganarsa ta sauya, ƙarin jini yake bukata da gaggawa, in da hali musanyar jini har HbS, wato jinin sikila, ya sauka ƙasa da kashi 30. A fara haɗa jininsa tun ana shirin hoto.

Sai wanda bakinsa ya karkace na minti 20 ya dawo daidai, ya zo yana dariya yana cewa gajiya ce. Haɗarin babbar shanyewa ya fi yawa a kwana 2 na farko, don haka a gama bincikensa cikin awa 24, kada a ba shi ranar dawowa bayan wata. In hoto babu jini, mai irin wannan gargaɗi mai haɗari ko ƙaramar shanyewa ana haɗa masa aspirin da clopidogrel na kwana 21, sannan a bar shi da ɗaya. In ECG ya nuna zuciya na tsalle, maganin hana daskarewa yake bukata, aspirin bai wadatar ba.

In asibitinka babu CT, ka gyara numfashi da suga, ka sa allurar ruwa, ka tura shi JUTH, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko wani wurin da ke da hoto. Ka kira tukuna ka tabbatar za a iya yi a ranar, musamman in daga nesa ne kamar Shendam ko Langtang. Ya tafi a kwance ta gefe, da ma'aikacin lafiya a motar, da wanda ya ga farkon abin ko lambar wayarsa. A takardar turawa a rubuta lokacin da aka gan shi lafiya, awon suga, awon jini da lokutansu, makin Glasgow, gefen da ya yi rauni, duk maganin da aka ba shi, da ko an gwada haɗiya.